Yadda zaka kwashi iyali a mota zuwa farautar elk a Kolorado

Tun ranar da na raba nama a bakin masallaci bayan Juma'a mutane suka hana ni sakat, wai naman mene ne wannan, a ina na samo, nawa na kashe, kuma da gaske har da maman yara da yaran muka je dajin? Toh bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Mu a Dalas muke zaune, jihar Teksas, kuma sau uku muna yin wannan tafiyar zuwa Kolorado, sau biyu mun dawo hannu rabbana, a na ukun ne Allah ya ba mu. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ɗauka abin kamar zuwa kara sayen ragon layya ne, mafi yawan masu sayen lasin ɗin nan haka suke komawa gida ba ko tsoka, kuma harbin da kake ɗokin yi shine mafi ƙanƙantar aiki a cikin tafiyar gaba ɗaya.

Elk dai mu barewa zamu kira shi tunda bamu da irinsa a gida, amma kada kalmar barewa ta ruɗe ka. Ka ƙaddara gwanki, ka ƙara masa jiki, sannan ka ɗora masa ƙaho mai rassa kamar busasshen reshen bishiya. Babban namiji yana haura kilo 300, macen kuma tana kaiwa wajen kilo 220, ita ba ta da ƙaho. Suna zaune a duwatsun yammacin Amurka, Wayomin da Montana da Aidaho da sauransu, amma Kolorado ce ta fi kowace jiha yawansu, kusan dubu ɗari uku, shi ya sa sabon shiga can ya fi dacewa ya fara. Kuma ga wani dalili na mai iyali, a Wayomin da Montana da Aidaho akwai beya, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, irin babbar mai faɗa da suke kira girizli, a Kolorado baƙar beya ce kawai, ita ma dai ba abar wasa ba ce amma da sauƙi.

Mataki na farko: takardunka kai kanka

Kafin ka yi maganar bindiga ka fara duba matsayin zamanka a ƙasar, wannan shine abin da ɗan Amurka bazai gaya maka ba don shi bai shafe shi ba. In kana da fasfo na ƙasar ko girin kad to ba matsala. In kuma biza ce ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shine ya zama kana da lasin farauta mai aiki, wato lasin ne farko, bindiga daga baya, kada ka juya tsarin. Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa dan Allah ko taɓa ta kada ya yi, ko da ta abokinsa ce, ko da don a ɗauki hoto ne.

Bayan wannan sai kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta. A Kolorado duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya nuna katin wannan kwas kafin a sayar masa da lasin, kaga kenan dukkanmu ya hau kanmu. Ba sai ka je Kolorado ka yi ba, na jihar da kake zaune ma suna karɓa, ni a Teksas na yi nawa, yawancinsa ta intanet. Yaro kuma sai ya kai shekara 12 yake farautar manyan dabbobi a can, shi ma da nasa katin, kuma in bai kai 16 ba dole babba ya kasance tare da shi. Ƙananan da basu kai ba zasu iya bin ka kallo, ba mai hana su.

Mataki na biyu: lasin, kuma nan ne mutane ke makara

Farautar a watan Oktoba da Nuwamba ake yinta amma shirin lasin tun Maris yake farawa. Hukumar da ke kula da namun daji ta jihar, Colorado Parks and Wildlife, tana fitar da ɗan littafin dokoki duk shekara, kyauta ne a shafinsu, ka sauke shi ka karanta shi kamar zaka yi jarrabawa a kai, domin dokokin suna canzawa, abin da abokinka ya yi shekara biyu baya ba lallai ya halatta bana ba.

Hanya biyu ce. Akwai lasin ƙuri'a, ka cika fom ka zaɓi yankin da kake so da lokacin da kake so da namiji ko mace, ana rufe karɓa ranar Talatar farko ta Afrilu, sakamako ya fito wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. In baka ci ba kana iya samun maki ɗaya da zai taimake ka baɗi, akwai yankunan da mutane ke tara maki shekara da shekaru kafin su samu, ka rabu da waɗannan. Sai kuma lasin da ake saya kai tsaye ba ƙuri'a, na namiji ne, a zango na biyu da na uku na masu bindiga, don lokacin farautar zango-zango aka kasa shi, a wasu yankuna. Shi yana da sauƙin samu amma fa duk wanda ya makara shi yake saya, zaka iske dajin cike da mutane kamar ranar kasuwa, mu shekara biyun farko shi muka saya.

Shawarata ga mai iyali ya nemi lasin mace ta ƙuri'a. Ni ba ƙaho na je nema ba, ƙaho ba ya shiga tukunya, mata sun fi yawa a garke, naman su kuma ya fi taushi. Kuma namijin yana da wani sharaɗi a yankuna da yawa, sai ƙahonsa ɗaya ya kai tsini huɗu ko tsinin goshi ya kai inci biyar, ka yi tunanin kana haki hannunka na rawa kana ƙirga tsinin ƙaho a cikin itatuwa da duku-duku.

Kuɗin kuwa, wanda ba mazaunin jihar ba yana biyan wajen dala 800 na elk ɗaya, mazaunin jihar ko ɗari ba ya biya, abin da ciwo amma haka tsarin yake, da kuɗin nan ake kula da dabbobin. Na yara ya fi araha nesa ba kusa ba. Lasin ɗaya dabba ɗaya, kuma mai lasin shi zai yi harbin da hannunsa, babu maganar wai in harba maka a kan naka, laifi ne babba.

Mataki na uku: ina zaku sauka

An yanka jihar zuwa yankuna masu lamba, lasinka yana aiki ne a yankin da aka rubuta kawai. Mu arewa maso yamma muke zuwa, wajen garuruwan Meeker da Craig, kusa da dajin gwamnati na White River da tsaunukan Flat Tops, garken can yana cikin mafiya girma a jihar. Abin da zaka nema a taswira shine filin gwamnati, dazuzzukan tarayya da filayen BLM, hukumar kula da filayen tarayya, nan kowa na da damar shiga. Filin mutane kuwa a Kolorado doka bata tilasta mai shi ya sa shinge ko alama ba, kai ne zaka san inda ƙafarka take, in ka shiga ba izini ba ruwan kowa da baka sani ba. Saboda haka ka sa manhajar taswira irin onX Hunt a waya, tana nuna iyakar filin kowa, kuma ka sauke taswirar tun kana gari don can sama ba sabis.

Yanzu ga inda na tafka kuskure shekarar farko. Na sayi tanti babba na kafa a can cikin daji, ina ganin ai wannan shine asalin farauta, na riƙa fita tun asuba ina dawowa bayan magariba, na bar maman yara da ƙanana biyu a cikin sanyin da ruwan buta ke daskarewa. Dare na biyu ina cire takalmi tace min, Abban yara in dai wannan ne yawon buɗe idon da kace to ni gobe ka kai ni gari, kai ka dawo ka ci gaba da naka. Kuma wallahi tana da gaskiya. Tun daga nan ɗan gida muke kamawa a gari mai kicin da hita, ni da babban yaron mu riƙa tuƙin minti arba'in ko awa ɗaya da asuba zuwa bakin daji. Ana kama irin waɗannan gidajen tun bazara, in ka bari sai Satumba bazaka samu ba, don lokacin farauta ƙananan garuruwan nan cika suke. In kuma ka dage sai tanti, kada ka kwana da risho ko hitar gas a kunne a rufaffen tanti, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane cikin barci.

Mataki na huɗu: bindiga da ƙafafu

Dokar jihar tace bakin bindigar kada faɗinsa ya gaza .24 na inci, amma yawancin mutane .270 ko .308 ko .30-06 suke riƙewa, kowacce ta isa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shine ka saba da ita. Ka je filin koyon harbi tun watanni kafin tafiya, ka daidaita madubin saiti, ka yi ta harbi a yadi ɗari da yadi ɗari biyu, ba a kan tebur kawai ba, a durƙushe, a zaune, ka jingina a kan jaka, domin a daji ba tebur. Ka san iyakarka ka tsaya a kai, ni yadi 250 ne, abin da ya wuce nan kallo nake bin shi da shi.

Sai ƙafafu. Dalas shimfiɗe take kamar faifai, can kuwa zaka yi ta hawa ne a tudun ƙafa dubu takwas zuwa dubu goma inda iskar ma bata ishi huhu ba. Ka fara tafiyar ƙasa da jaka mai nauyi a baya tun wata uku kafin lokaci, ka riƙa hawa bene, kuma da takalmin da zaka je da shi, sabon takalmi a ranar farko kumburin ƙafa ne kawai.

Mataki na biyar: kaya

Na jiki dai a guji auduga, in ta jiƙe da zufa sanyi take riƙewa, a nemi na ulu ko na roba-roba a riƙa sawa hawa-hawa, in ka ji zafi ka cire ɗaya. Dole ne mai farauta da bindiga ya sa falmaran ruwan lemo mai ƙyalli wadda ta kai murabba'in inci 500 a saman jiki, da hula irin launin da za a hango ta ko ta ina, ruwan hoda mai ƙyalli ma sun yarda da shi. Ni kowa nake sa wa har autarmu ko da bakin mota zata tsaya, don dajin cike yake da masu bindiga kuma ba kowa ne mai natsuwa ba.

Na aiki: madubin hangen nesa, tocilar goshi da batir na ƙari, wuƙaƙe biyu masu kaifi da abin wasawa, buhunan yadi na zuba nama guda biyar ko shida, igiya, jakar goyo mai ƙarfe da zata ɗauki nauyi, ashana, akwatin magani, manyan kuloli biyu ko uku. Kulolin zasu tafi cike da abinci su dawo cike da nama in an dace.

Abinci kuwa maman yara ce ta gyara mana tsarin. Tana yin miyar ja da miyar kuka da yawa ta daskarar a robobi, ga dambun nama, ga soyayyen nama, ga garin tuwo da shinkafa da taliya, ga yaji, ga kayan shayi da citta da kanumfari a filas. Da zarar ka wuce Denba, babban birnin Kolorado, ka shiga duwatsu samun naman halal sai an sha wuya, don haka abin da ya rage a cika shi a Denba ko Aurora, akwai shagunan Musulmi da yawa a can, kuma in tafiyar ta faɗo Juma'a ga Masallacin Abubakar nan a kan titin Parker.

Mataki na shida: hanya

Daga Dalas zuwa Denba wajen mil 800 ne, awa goma sha biyu in kai kaɗai ne, da yara ka ƙara awa uku na fitsari da faɗa a kan waya. Muna bin titin 287 ta Wichita Falls zuwa Amarillo, mu kwana nan, washegari mu bi ta Dalhart mu ɗan ratsa Niyu Meksiko mu hau babban titin I-25 a Raton, mu haye tsaunin mu gangara Trinidad, Pueblo, Colorado Springs har Denba. Agogo zai koma baya da awa ɗaya, kuma in zango na biyu ka je canjin agogon Lahadin farko ta Nuwamba yana iya riskarka a can, ka kula da lokutan sallah da lokacin fita. Tafiya ce ta kasaru ba tantama, muna haɗa azahar da la'asar a wurin hutawa na bakin titi, alƙibla a Kolorado arewa maso gabas take.

Kada ka wuce Denba a ranar, ka kwana. Garin yana tudun ƙafa 5,280, jiki yana buƙatar ya ɗan saba kafin a ƙara hawa. Mu karon farko mun zarce ne kai tsaye, yarona na tsakiya ya kwana yana ciwon kai da amai, na ɗauka abinci ne ashe tudu ne. A sha ruwa sosai, in kuma wani ya fara numfashi da ƙyar yana zaune ko ya fara ruɗewa to ba maganar jira, a gangara da shi ƙasa a nemi asibiti.

In da hali ka ware yini ɗaya ka kai su Estes Park, awa ɗaya da rabi ne daga Denba. Nan elk suke yawo a cikin gari kamar awakin unguwa, suna kwance a filin ƙwallo suna tsare motoci, ba a farautarsu a nan ko a gandun Rocky Mountain da ke kusa, amma yara zasu gan su ido da ido, kai ma ka ƙare musu kallo ka san abin da kake nema. A tsaya nesa dai, namijin yana kai hari.

Daga Denba sai I-70 yamma, zaka bi ta ramin Eisenhower da aka huda cikin dutse a sama da ƙafa dubu goma sha ɗaya, ka wuce Vail da Glenwood Springs, a garin Rifle ka karya arewa a titi na 13 zuwa Meeker, wajen awa huɗu in yanayi na da kyau. Daga Satumba zuwa Mayu akwai dokar taya a wannan yankin na I-70, sai tayoyinka suna da gindi mai kyau na dusar ƙanƙara ko kana da sarƙa a mota, ka koyi ɗaura sarƙar a ƙofar gidanka ba a bakin titi da daskararrun yatsu ba. Bindiga kuma duk tsawon hanya ba harsashi a ciki, a kulle a akwatinta a can baya, harsasai daban. A Kolorado ma haramun ne a same ka da harsashi a ɗane a cikin mota, kuma ba a harbi daga kan titi ko a tsallaka titi.

Mataki na bakwai: cikin daji

Ku isa kwana biyu kafin a buɗe, ka zaga ka ga hanyoyin da rana, ka nemi sawu da sabon kashi, mai laushi mai sheƙi ba busasshe ba, da inda suka kwanta ciyawa ta danne, in ka shiga inda suka kwana ma hancinka zai gaya maka, wari ne kamar na garken shanu.

Doka ta yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, saboda haka ƙarfe huɗu kana kan hanya. Asuba a daji take riskarmu, ni da alwalata nake fitowa daga gida in sa huffi, mu shimfiɗa rigar sanyi mu yi sallah a gefen hanya sannan mu ƙarasa. Ka yi nisa da mota, yawancin mutane basa wuce mil ɗaya daga titi, elk ɗin ma sun san haka, da an fara harbi ranar farko suke shigewa cikin duhun itatuwa a gangaren da ke fuskantar arewa inda rana bata bugawa.

Hanci shine makaminsu. Zasu iya jin motsinka su yi shakka, su hango ka su tsaya kallo, amma in suka shaƙi warinka sun tafi kenan. Wani dattijon bature da muke aiki tare, wanda shi ya fara sa min wannan ra'ayin, shi ya koya min cewa da sassafe iska mai sanyi gangarowa take daga kan dutse zuwa kwari, in rana ta ɗaga ta juya ta riƙa hawa. Kenan da safe ka biyo musu ta ƙasa, da hantsi ka kasance a samansu. Ka riƙe ɗan toka ko hoda a ƙaramar roba kana fesawa kana ganin inda ta nufa. Sauran kuma zama ne da haƙuri, ka sami inda kake hango fili a bakin itatuwa ka yi ta dubawa da madubi, safe da yamma suke fitowa kiwo.

Ka tabbatar da abin da kake saitawa. Akwai mus a dajin, wata babbar dabba baƙa mai dogon hanci, duk shekara sai wani ya harbe ta bisa kuskure ya shiga uku, kuma tun Disambar 2023 jihar ta sake sako kyarketai, su ma doka ta kare su.

Ranar da muka dace yini na huɗu ne, na riga na fara lissafin asarar dala ɗari takwas, rana ta ɗan fito kenan yarona ya matse min hannu yace Abba ga su can, cikin raɗa. Guda bakwai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin fararen itatuwan nan, tururi na fita daga hancinsu. Na jira wata babba ta ware daga sauran ta ba ni gefe, babu wata a bayanta, na saita bayan ƙafar gaba kaɗan inda huhu yake, nace Bismillahi Allahu Akbar na danna kunama. Kada ka manta bisimillar nan a cikin ruɗewa, ita ce yankanka. In ka iske ta da sauran rai sai ka yanka ta kamar yadda aka saba, in ka iske ta cika ta halatta, malamanmu na Malikiyya na baya sun yi bayanin harbin harsashi. Akwai kuma magana a kan dabbar da ta ɓace maka har ta kwana, ka zauna da malaminka a kan wannan kafin tafiya, ni dai shi ya sa bana son harbin dab da magariba. Bayan harbi kada ka ruga, ka lura da inda ta shiga ka ba ta kamar rabin awa sannan ka bi jini.

Mataki na takwas: nan aikin yake

Da ka iske ta, kafin hoto, ka cire takardar da ke jikin lasin ka sa hannu ka rubuta rana ka ɗaura. Sannan ka dubi abin da ke gabanka, ƙatuwar dabba kamar saniya, mil biyu daga mota, a kan gangare, ba mahauci ba baro. Ba a jan ta, a nan ake fiɗa. Fatar tana riƙe zafi sosai, ko cikin dusar ƙanƙara in ka bar ta da fata naman wuya da na cinya zai fara lalacewa, don haka a fara nan take.

Hanyar da ta fi sauƙi ba sai ka fasa ciki ba. Ka tsaga fata ta gadon baya daga wuya zuwa wutsiya, ka feɗe gefe ɗaya, ka cire cinya da ƙafar gaba, ka zare dogon naman da ke kwance gefen ƙashin baya, ka yanke na wuya da na haƙarƙari, ka sa hannu ta bayan haƙarƙarin ƙarshe ka ciro lallausan naman nan na ciki, sannan ku juya ta ku maimaita. Kowane yanki cikin buhun yadi, a rataye a inuwa iska na bugawa, ban da leda. Mu Hausawa ba ma barin hanta da zuciya, na buɗe na ɗauko su a ƙarshe. Doka tace a bar shaidar jinsi manne da cinya ɗaya, hantsa in mace ce, maraina in namiji ne, har ka isa gida ko wurin masu gyara, kuma barin nama mai ciwuwa a daji laifi ne da ake hukuntawa. Ni da yaron sawu uku muka yi muna goyo, mun fara da hantsi bamu gama ba sai bayan isha'i, ƙafata kamar ba tawa ba. In zaka bar wani buhun ka dawo, ka rataye shi nesa da gawar saboda beya, kuma ka riƙa yin motsi in kana dawowa.

Akwai wata cuta ta ƙwaƙwalwa da ke kama dangin waɗannan dabbobin, CWD, tana nan a sassan Kolorado. Hukumar tana gwaji in ka kai musu kan, wasu lasin ma dole ne, kuma shawarar likitoci ita ce kada a ci naman wadda aka samu da ita. Saboda haka maganar farfesun kai da ƙwaƙwalwa ka manta da ita, haka laka da saifa da kaluluwa, kuma jihohi da yawa basa yarda ka shigo musu da kai ko ƙashin baya, ka duba dokar jiharka da na waɗanda zaka ratsa.

In zaka kai wa masu gyaran nama na garin, ka buɗe kunne. Naman elk ba shi da kitse, don haka in suna niƙawa sukan ƙara kitse, sau da yawa na alade. Ni sai da matar da ke aiki a wurin ta gama rubuta takarda ta tambaye ni kashi nawa na kitsen alade za a sa, kamar tana tambayar sukari a shayi. Nace a'a, kada ma a niƙa, a yanka min gunduwa-gunduwa a naɗe kawai, sauran zamu yi a gida. Sayar da naman farauta haramun ne a dokarsu, kyauta kuwa ba laifi.

Kada kuma ku juya a ranar. Ka ba iyali yininsu, mu Glenwood Springs muke tsayawa inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, yara su yi wanka ni in jiƙa ƙafa. A kula a jera nama a zuba ƙanƙara, a riƙa tsiyaye ruwan duk inda aka tsaya shan mai, in busasshiyar ƙanƙara ka saya, wadda iskar gas take zama in ta narke ba ruwa ba, kada ka toshe kular gam kuma ka ɗan sauke gilashin mota. Da muka isa gida cinya ɗaya maman yara ta yanyana fale-fale, muka shanya a oba da wuta kaɗan-kaɗan, ta kwaɓa labu da tunkuza da citta da barkono muka yi kilishi, rashin kitsen nan da ke ba turawa matsala shine ya sa ya yi daidai. Robar farko ko kwana uku bata yi ba, sai da ta ɓoye ta biyun a bayan buhun shinkafa.